Duwatsun da Yaya Ya Kwashe

Yayana mai gyaran kwaɗo ne da yankan makulli. Shagonsa wani ɗan loko ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai sayar da fenti da mai gyaran waya. In za ka shiga sai ka sunkuya, in ba haka ba makullan da ke rataye a bakin ƙofa su gaishe ka a goshi. Unguwa kaf Mai Makulli ake ce masa. Ni Yaya nake ce masa, in ya ɓata min rai kuwa ba na ce masa komai, kuma hakan yakan faru a kai a kai.

Ba mugu ba ne, kada a yi min mummunar fahimta. Zai tashi daga cin abinci ya je ya buɗe wa tsohuwa ƙofar da ta kulle kanta a waje, ya ƙi karɓar ko sisi. Amma a hanyar dawowa zai yi ta tunanin ko gidan nata ne da gaske. Haka yake tun muna yara. In maƙwabta suka aiko mana da abinci, mu muna neman cokali, shi yana tambayar dalili.

Sana'a ce ta ƙarasa abin da hali ya fara. Ba a kiran mai gyaran kwaɗo ranar farin ciki. Da safe ake kiransa, bayan an yi ɓarna, matar gida tana kuka, maigida yana ta rantsuwa shi dai ya kulle. Yaya zai durƙusa ya juya kwaɗon, ya leƙa cikinsa, ya ce, “Wannan ba ɓalle shi aka yi ba, buɗe shi aka yi.” Daga nan sai mutanen gidan su fara kallon juna. Shekara da shekaru a kan wannan aiki suka bar masa abu biyu da ba mai iya cire masa su. Na farko, ɓarawo ya san gida kafin ya zo. Na biyu, yakan bar wa 'yan'uwansa alama: layin gawayi a katanga, dutse a kan dutse kusa da ƙofa, tsumma ɗaure a reshe. Na sha gaya masa cewa yaran unguwa ma suna zane da gawayi. Bai taɓa saurare na ba. Duk inda ya wuce ya ga irin wannan, sai ya tsaya ya share.

'Ya'yansa mata sun girma sun bar gida, saura Auta, namiji guda, wanda murya ta fara buɗe masa. Yaro ne shiru-shiru, in ka tambaye shi abu sai ya kalli ubansa kafin ya amsa. A makaranta ya shiga ƙungiyar sikawut, uwarsa ce ta amince masa, kuma cikin shekara guda yaron ya zama wani. Ya koyi ƙulla igiya iri-iri, ya ƙulle ƙafafun gado, ya ƙulle kujeru, ya taɓa ƙulle min hannun jaka da wani ƙulli da sai da na roƙe shi ya kwance. Ya fara dariya da ƙarfi. Ni abin ya yi min daɗi, Yaya kuwa ya sha mur.

“Da hagu suke gaisawa,” ya ce min wata rana a shago, yana goga makulli da magagari. “Kin sani? Da hagu. Suna da ishara da yatsu, suna da busa da su kaɗai suka san ma'anarta. Wa ke buƙatar yaren da iyaye ba sa ji?”

“Yaya, wasan yara ne.”

“Wasan yara da babban mutum a gaba? Mutum da gemunsa, gajeren wando, usur a wuya, yana tara 'ya'yan mutane duk Asabar, kuma kyauta. Kyauta fa! Me yake nema?”

“Lada.”

“Lada a gajeren wando?”

Daga ranar ya raɗa wa malamin sikawut suna Mai Usur, kuma sunan ya bi shi har a bakina.

Da dogon hutu ya zo, ƙungiyar ta shirya fita zango a gefen daji, yara da iyayensu, a kwana a tanti. A can za a gwada Auta. In ya ci, za a ba shi jagorancin rukuninsu na ƙananan yara, a rataya masa farar igiya a kafaɗa a gaban kowa. Ban taɓa ganin yaron ya ƙwallafa rai a kan abu kamar igiyar nan ba. Yaya ya ce zai je ya gani da idonsa, in ya ga abin da bai kwanta masa ba, daga nan an gama da sikawut. Matarsa tana fama da ciwon gwiwa, ta kira ni gefe ta ce, “Don Allah ki bi su. Ba yaron nake ji ba, uban.”

Kowa ya zo da tabarma da bargo, Yaya ya zo da jakar kwaɗuna. A mota ya ƙi zama sai a kujerar baya, inda zai ga ƙeyar kowa. Muka isa wani fili mai ciyawa, itatuwa sun kewaye shi, ana jin ƙarar rafi daga nesa. Kafin mu gama miƙe ƙafa yaran sun kafa tantuna a jere. Auta ya zo da fara'arsa ya nuna mana namu, nawa ni da wata mai jego a gefe, na Yaya kusa da shi. Yaya ya kewaya tantin, ya sake kewayawa.

“Ina ƙofar?”

“Ga ta, Baba. Zif ne.”

Ya ja zif ɗin sama, ya ja shi ƙasa, ya kalle ni kamar ni na ɗinka. Sai ya buɗe jaka ya zaɓi ƙaramin kwaɗo ya maƙala. Maƙwabcinsa na tanti, wani direban motar haya mai tumbi da son raha, ya yi ta dariya har da dafa cinya.

“Malam, ai wanda zai shiga da reza zai shiga, ba ruwansa da kwaɗo.”

Yaya ya jira har mutumin ya juya baya, sannan ya raɗa min, “Kin ga wannan, ya san hanya. Ki lura da shi.”

Dokar zangon ita ce yara su yi komai, iyaye su zauna. Su ke ɗebo ruwa, su ke hura wuta, su ke dafa shinkafa, mu namu ci da yabo, ko da ta caɓe. A nan na ga Autan da ban sani ba. Yana tsaye a tsakiyar yara, yana cewa wannan ya kawo itace, wancan ya matsa daga bakin wuta, suna bi ba musu. Wani ɗan ƙarami ya ƙona yatsa, Auta ya durƙusa ya tsoma masa hannu a ruwan sanyi yana ba shi labari har ya manta da kuka. Na juya in ce wa Yaya ya ga ɗansa, na tarar tuni yana kallo.

“Bai taɓa yi min magana da wannan muryar ba,” ya ce.

Ya faɗa ne kamar mai kawo ƙara, amma ni na ji abin da ke ƙasa, kuma ya ba ni tausayi. Kishi ne, ba wani abu ba.

Da yamma Mai Usur ya zo gaishe mu. Mutum ne siriri mai sanyin magana, a kamfanin ruwa yake aiki, matarsa kuwa ita ce mai jegon da muke tanti ɗaya. Ya miƙa wa Yaya hannun dama da ladabi, ya ce Auta yana da hankali da natsuwa, irin yaran da ake iya bar wa amana. Yaya ya yi masa tambayoyi kamar mai neman auren 'yarsa: a ina yake zaune, wa ya sa shi wannan aiki, wa ke biyan kuɗin tanti. Mutumin ya amsa duka yana murmushi. Da ya tafi, Yaya ya ce, “Da yabo suke farawa. Kuma duk amsoshinsa a shirye suke, kin lura?”

Washegari da sassafe ina zaune a bakin tanti ina jiran yara su kawo shayi, sai ga Yaya ya ɓullo daga cikin itatuwa, ƙafar wandonsa sharkaf da raɓa, aljihunsa sun yi nauyi. Ya duba hagu da dama, ya zazzage min duwatsu a gabana.

“Mene ne wannan kuma?”

“Gari bai gama wayewa ba na ga Mai Usur da mataimakinsa sun sulale cikin daji. Suna tafiya suna sunkuyawa. Na bari suka dawo, na bi sawunsu. Dutse a kan dutse. Kibiya da aka jera da itace. Ciyawa a ɗaure. Tun daga bayan tantinmu har can ciki inda hanya ta rabu biyu. Na share su tas.”

“Yaya, wa zai yi sata a nan? Me muke da shi, tabarma?”

“Yara muke da su.”

Zargi irin na Yaya kamar mura yake, in ka zauna kusa da shi sai ka ɗauka. Da Mai Usur ya wuce yana gaishe mu, na tsinci kaina ina kallonsa ta gefen ido, ina tunanin me ya kai babban mutum daji da asuba yana jera duwatsu.

Bayan karin kumallo aka busa usur. Auta ya jera yaransa, kowa da gorar ruwa a kugu, ya duba igiyar takalmin kowa, ya ɗaga mana hannu. Suka fara daga gindin tuta, suna duban ƙasa, suka bi ta bayan tantuna suka shige daji. Sai da suka ɓace Mai Usur ya tara mu a inuwa ya yi mana bayani. Wannan ita ce jarrabawar, in ji shi. Da asuba ya shimfiɗa musu hanya da alamu. Dutse a kan dutse yana nufin nan ce hanya, kibiya tana nuna inda za a juya, itace biyu a gicciye yana nufin kada a bi nan. Alamun za su kai su gindin wata babbar bishiya a bakin rafi, inda mataimakinsa ke jiran su da lemo, su dawo kafin rana ta take. Ba a gaya wa iyaye tun farko don kada wani ya taimaka wa ɗansa.

Na kalli Yaya, yana zaune yana ƙwaƙular farce da makulli.

“Tashi ka gaya masa,” na ce a hankali.

“Ai haka zai ce mana. Me kike so ya ce?”

“Ɗanka ne a gaba, da 'ya'yan mutane a bayansa.”

“Ki bari mu gani.”

Ya faɗa da taurin kai, amma idonsa yana kan hanyar da yaran suka bi. Na yi ta zungurinsa, ya yi ƙememe. Na san ya gane, abin da ya kasa shi ne ya tashi a gaban direban nan da matan nan ya ce shi ne.

Rana ta take, ba yara. Sai ga mataimakin ya dawo shi kaɗai da jakar lemo a kafaɗa, yana tambaya ko sun riga shi dawowa. Nan wuri ya hargitse. Iyaye mata suka miƙe, wata ta fara salati, wata ta cakumi mijinta wai shi ya ce a zo. Mai Usur ya ɗauki maza suka shiga daji. Yaya bai bi su ba, ya bi tasa hanyar shi kaɗai, ya dawo bayan wani lokaci da ƙaya a riga da karce a hannu, bai samo kowa ba. Ya zauna nesa da ni.

Sai da rana ta yi sanyi aka dawo da yaran. Ashe da Auta ya ga alamu sun ƙare, ya ɗan ci gaba da tsammanin zai tarar da wasu, ya ɗauki hanyar da ba ita ba. Da ya tabbatar sun ɓata, ya zaunar da yaran a inuwa, ya hana kowa motsi, ya raba musu ruwa kaɗan-kaɗan, suna busa usur bi da bi har aka ji su. Ya shigo zango da ƙaramin cikinsu a goye, leɓensa ya bushe. Wani yaro ya yanke a ƙafa, uwarsa ta tare Auta ta wanke shi tas, ta ce an ba makaho jagora. Yaron bai ɗaga kai ba.

Da aka ci abinci hankali ya kwanta, aka tara kowa a gindin tuta, yara a gaba, iyaye a baya. Mai Usur ya kira Auta ya fito tsakiya. Farar igiyar tana hannunsa.

“Gaya mana abin da ya faru.”

“Ni na kasa karanta alamun, Malam.”

“Alamun suna nan?”

“Suna nan.”

Mai Usur ya matso kusa da shi. Ya sake tambaya, a hankali, kamar mai miƙa wa mutum hannu ya fito daga rami.

“Ka tuna da kyau. Bayan tantuna, ka ga alamu a hanya?”

“Na gani, Malam. Ni ne ban lura da kyau ba.”

Na ja numfashi zan yi magana. Auta ya ɗago ya kalle ni, ya ɗan girgiza kai, kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Na haɗiye. Na juya ga Yaya, yana tsaye ƙiƙam, hannu a baya, yana kallon tuta.

“Ɓata hanya ba laifi ba ne,” in ji Mai Usur. “Abin da ka yi bayan kun ɓata, shi ake so jagora ya yi, da a kan wannan ne da yanzu na rataya maka. Amma na bi hanyar nan da ƙafata muna neman ku, ban ga alama ko ɗaya ba. Wani ya kwashe su. Ban san wane ne ba, ban kuma san me ya sa kake ce min suna nan ba. Wanda zan ba amanar 'ya'yan mutane, in ya ce min abu yana nan, dole in iya rufe ido in yarda.”

Ya naɗe igiyar ya sa a aljihu. Iyaye suka fara kallon juna, irin kallon da Yaya ya saba haddasawa a gidajen da aka yi sata, har na ga uwar yaron da ya yanke tana hararar direba. Aka sallami taro, aka ce a kwance tantuna.

Muna komawa Yaya ya matso kusa da ni. Na ɗauka zai ce in raka shi wurin Mai Usur. Sai ya ce, “Kin ji ko? Ƙarya a gaban mutane, ido cikin ido, ko ƙiftawa babu. Abin da suke koya musu ke nan.”

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi da shi ba. Da ba yayana ba ne, da na faɗi abin da za mu shekara ba ma gaisawa. Ban kai ga magana ba, don Auta yana bayan tantin a tsugune yana cire turaku, kuma ya ji. Ya miƙe da turke a hannu.

“Baba, na ga sawun takalminka.”

Yaya ya juya.

“Duk inda aka ɗauke dutse, gurbinsa yana nan da danshi, sawunka yana gefe. Diddigen da ka buga wa ƙusa. An koya mana karanta sawu.”

“To me ya hana ka faɗa?”

“Kai ka ce abin gida ba a ba wa bare, ko da wuƙa a wuya. Ba su suka koya min ba, Baba.”

Bai ɗaga murya ba, bai yi kuka ba. Ya koma ya tsuguna ya ci gaba da cire turaku, yana kakkaɓe musu ƙasa yana jerawa. Yaya ya tsaya yana kallon takalminsa. Na taɓa ganin an zage shi a shago, na ga an tuhume shi da sayar wa ɓarayi makulli, ko gezau bai yi ba. Ranar nan sai da ya nemi wuri ya zauna.

Kafin mota ta tashi ya je wurin Mai Usur. Daga nesa na hango su, Yaya yana magana yana kallon ƙasa, ɗayan yana saurare. Ban ji abin da aka ce ba, sai daga baya matar Mai Usur ta gaya min. Mijinta ya ce ya ji, kuma ya gode, amma ƙaryar a gaban yara aka yi ta, ba zai rataya igiya a kanta a bana ba. Ya ce Auta ya dawo, ya yi shekara, a sake gwada shi.

Auta bai koma ba. Da aka buɗe makaranta ya wanke kayan sikawut ɗin, ya goge, ya ba wani yaro a layinsu. Ba wanda ya hana shi zuwa, Yaya ma da bakinsa ya ce ya je. Yanzu duk Asabar yana shago, yana yanka makulli, kuma hannunsa ya faɗa, har masu kawo aiki sun fara cewa a ba yaron. Yana gaida ubansa da ladabi, yana yin duk abin da aka sa shi. Tsakaninsu daga “miƙo min” sai “ga shi”.

Kwanakin baya Yaya ya zo gidana, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya zauna a bakin kujera, ya ƙi shan ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar kwaɗo. Can ya ce, “Ke yana jin maganarki. Ki ce masa ya koma.”

Na samu Auta a shago ranar da ubansa ya fita aiki. Na ce masa Mai Usur yana tambayarsa, yaran suna tambayarsa, uban nasa ma shi ya aiko ni. Ya kashe injin, ya hure ƙurar ƙarfe daga makullin da ke hannunsa, ya ɗaga shi yana duba haƙoransa.

“Gwaggo, in na koma zai biyo ni,” ya ce. “A nan yana ganina, hankalinsa a kwance.”

Ya sake kunna injin. Da yamma Yaya ya kira ni a waya ya ce yaya muka yi, na ce masa yaron yana tunani.